Tunda a Amurka jama'a na riƙe da bindiga, me zai hana mu?

"Barista, wata tambaya ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai mu ji an shiga makaranta a Amurka an harbe yara, amma gwamnatinsu ta ƙi karɓe bindigogi daga hannun jama'a. Wasu suna cewa wannan ne ma ya sa ba a shiga ƙauye a kwashe mutane a can. Mu kuwa doka ta hana mu, ga ɓarayin daji suna yawo da AK-47 da rana tsaka. Me ya sa Amurka ta kasa hanawa? Kuma me zai hana a ba mu irin wannan 'yanci mu kare kanmu?" Wani mai karatu daga jihar Zamfara.

Malam, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya jiƙan waɗanda aka rasa. Tambayoyi biyu ka haɗa a wuri guda. Ta farko, me ya ɗaure wa Amurka hannu har take binne 'ya'yanta ba ta iya taɓa dokar bindiga. Ta biyu, ko abin da suke da shi zai yi mana magani a Maru ko Batsari ko Sabon Birni. Zan amsa maka a matsayin lauyan da ya daɗe yana tsayawa a kotunan arewa maso yamma. Ni ba soja ba ne, saboda haka dabarun yaƙi a daji na bar wa masu shi. Iyakata doka da yadda take sauka a kan mutane.

Ga ra'ayina tun kafin mu yi nisa. Amurka ba zama ta yi ta auna ta ce yawan bindiga shi ne hanyar tsaronta ba. Gado ta ci, ya yi mata nauyi, ta kuma rasa yadda za ta sauke shi. Abin da ke hana shiga ƙauye a kwashe mutane a can wani abu ne dabam, kuma shi ne ainihin abin da muka rasa.

Inda ƙullin ya fara

A 1791 aka ƙara gyare-gyare goma a kundin tsarin mulkin Amurka. Na biyunsu jimla ɗaya ce tak, ma'anarta ita ce: tunda rundunar sa-kai mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, ba za a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu ba. Waɗanda suka rubuta ta ba su daɗe da gama yaƙin ƙwatar 'yanci da Ingila ba, yaƙin da manoma suka taka rawa a ciki da bindigoginsu na gida. Suna tsoron gwamnatin tarayya ta kafa babbar runduna ta danne jihohi. Akwai kuma dalilan da ba a cika son faɗa ba: ana ƙwace ƙasa daga hannun 'yan asalin wurin, a kudu kuma masu bayi suna buƙatar 'yan sintiri masu makami don kada bayi su yi bore.

Ka tuna irin bindigar wancan zamani. 'Yar'uwar bindigar tokar maharbanmu ce: a zuba albarushi ta baki, a cusa harsashi, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗurawa. Babu wanda a cikinsu ya taɓa ganin abin da yaro ɗan shekara 18 zai riƙe ya zazzage harsashi talatin kafin malamin aji ya kai ga ƙofa.

Fiye da shekara ɗari biyu lauyoyinsu suna jayayya: shin haƙƙin na rundunar jiha ne, ko na kowane mutum a gidansa? A tsawon wannan lokaci an yi dokoki, kuma kotu ba ta rushe su bisa hujjar wannan jimla ba. A 1934, zamanin gaggan 'yan daba irin su Al Capone na Chicago, an sa harajin dala 200 da rajista a kan bindigogi masu sarrafa kansu. A 1968, bayan kashe shugaba John Kennedy da Martin Luther King da Robert Kennedy, an hana sayar wa masu manyan laifuka bindiga. A 1993 dokar Brady ta wajabta wa shagunan da ke da lasisi su binciki tarihin mai saye. A 1994 an haramta sayar da wasu sababbin bindigogi masu kama da na yaƙi, amma aka sa wa dokar wa'adin shekara goma, ta mutu a 2004, majalisa ba ta sabunta ta ba.

Sai a 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar Heller. Alƙalai biyar cikin tara, da alƙalamin Antonin Scalia, suka ce haƙƙin na mutum ne shi kaɗai, ko yana cikin runduna ko ba ya ciki. A 2010 aka ce hukuncin ya hau kan jihohi da birane. A 2022, a shari'ar Bruen, alƙalai shida suka rushe dokar New York da ta ce sai ka nuna dalili na musamman kafin a ba ka izinin yawo da ƙaramar bindiga, suka kuma kafa wani ma'auni mai ban mamaki: duk dokar bindiga ta yau sai an nuna tana da makamanciya a tarihin ƙasar. Wato alƙali a zamanin intanet zai koma yana tonon dokokin ƙarni na 18 kafin ya ce ko za a iya hana shiga jirgin ƙasa da bindiga. Ko su kansu sun ga abin ya yi yawa, domin a 2024 takwas cikin tara suka amince a karɓe bindiga daga hannun wanda kotu ta ba da umarnin ya nisanci iyalinsa saboda barazanar duka.

Lissafin ƙuri'a

Kotu rabin labarin ne. Sauran rabin yana majalisa, kuma a nan ne abin ya fi ba ni sha'awa a matsayin mai nazarin tsarin mulki, domin tsarin shugaban ƙasa da majalisa biyu da muke bi tun 1979 daga wurinsu muka aro shi.

Kowace jiha a Amurka sanata biyu gare ta. Wyoming, mai mutane ƙasa da 600,000, sanata biyu. Kalifoniya, mai kusan miliyan 39, ita ma biyu. Jihohin karkara, inda farauta al'ada ce kuma uba kan koya wa ɗansa harbi tun yana ƙarami, suna da ƙarfin da ya fi yawan jama'arsu nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, ƙa'idar majalisar dattawansu ita ce sai an samu sanata 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a kan yawancin ƙudurori. A Disamba 2012 wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya kashe yara 20, 'yan shekara shida da bakwai, da manya shida. Shugaba Obama ya share hawaye a gaban kyamara. Bayan wata huɗu aka kawo ƙudurin faɗaɗa binciken tarihin mai saye, ba na ƙwace bindigar kowa ba, ya samu ƙuri'a 54. Rinjaye ne, amma ya faɗi.

Ga kuma ƙungiyar masu bindiga ta NRA. Tsofaffin sojoji ne suka kafa ta a 1871 don koyar da iya saiti, kuma shekara da shekaru harkarta ke nan. A taronta na 1977 a Cincinnati masu tsattsauran ra'ayi suka karɓe shugabanci, suka mayar da ita injin siyasa. Mutane kan ɗauka kuɗinta ne ƙarfinta. Ni ina ganin 'yan ƙuri'arta ne. Tana ba kowane ɗan takara maki kamar ɗan makaranta, kuma tana da magoya bayan da ba su duba komai a ranar zaɓen fid da gwani sai wannan maki. Masu son a tsaurara doka sun fi yawa, amma suna da damuwa goma; waɗancan damuwarsu ɗaya ce. Duk ɗan siyasa, a Texas yake ko a Tsafe, ya san wanda ya fi tsoro tsakanin waɗannan biyu. A 2005 ma majalisa ta yi dokar da ta kare kamfanonin ƙera bindiga daga yawancin ƙararrakin iyalan waɗanda aka kashe.

To a goge jimlar daga kundin mana? Sai an samu kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. Jihohi 13 kawai sun isa su hana. Wannan ƙofa a rufe take.

Ko da an buɗe ta, akwai abin da doka ba ta iya yi. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta a 2018 cewa bindigogi kusan miliyan 393 ne a hannun farar hula a Amurka, wato kamar 120 ga kowane mutum 100. Sun fi mutanen ƙasar yawa. Ostireliya ta iya: bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin John Howard ta haramta wasu nau'o'i ta sayi kimanin 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. New Zealand ta iya: bayan an kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch wata Juma'a a Maris 2019, ba a yi wata guda ba aka zartar da doka. Amma dubu ɗari shida dabam, miliyan ɗari huɗu dabam. Watsa bindiga a cikin al'umma kamar zubar da gero ne a rairayi: zubarwa minti ɗaya, tsincewa kuwa har jikoki. Bindiga ba ta ruɓewa. In ana shafa mata mai, wadda aka ƙera kafin a haife ka za ta yi aiki bayan ba ka.

Shin bindigar ce ke tsare ƙauyukansu?

A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, bisa ƙididdigar hukumar lafiyarsu. Fiye da rabi kansu suka kashe. Kusan 21,000 kisan kai ne, galibi da ƙaramar bindiga, a rikicin unguwa ko na cikin gida. Harbin makaranta da muke ji a rediyo ɗan ƙaramin kaso ne. Wannan shi ne kuɗin da suke biya kowace shekara, kuma babu wata ƙasa mai arziki irin nasu da ke biyan ko kusa da shi.

Masu goyon bayan bindiga a can suna da magana guda da suke maimaitawa, cewa mugu mai bindiga ba ya tsayawa sai ya gamu da nagari mai bindiga. Dubi Uvalde a jihar Texas, Mayu 2022. Yaron da ya kai hari wata makarantar firamare a can ya sayi bindigoginsa a shago bisa doka, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18. Ya kashe yara 19 da malamai biyu. Jami'an tsaro 376 suka taru a makarantar, ɗauke da makamai, aka shafe minti 77 kafin su kutsa ajin, yara na ciki suna buga waya suna neman ceto. Nagari masu bindiga ba su yi ƙaranci ba ranar. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ba da umarni.

Ba na cewa hujjarsu ba ta da tushe ko kaɗan. Manomin da gidansa ke nesa da ofishin 'yan sanda da tafiyar awa guda yana da gaskiya in ya ce kafin a zo an gama da shi. Baƙaƙen fata a kudancin Amurka, zamanin da ɗan sanda da ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu ƙin baƙaƙe kan zama mutum guda, sun kafa ƙungiyoyin kare kai masu bindiga, kamar wadda aka fara a Louisiana a 1964, kuma sun ceci rayuka. Halinsu ya fi kama da naka fiye da halin kowa a wannan labari. Sai dai ka lura da abin da ya biyo baya: da 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther suka fara yawo da bindigogi a fili a Kalifoniya, nan da nan a 1967 aka yi dokar hanawa, kuma Ronald Reagan ne ya sa mata hannu yana gwamna. 'Yancin bindiga ma yana duban fuska.

Amma a ce bindigar jama'a ce ta hana garkuwa da mutane a Amurka, wannan ba ya tsayuwa. A Japan da Ingila bindigar da ke hannun farar hula kaɗan ce, kuma ba a shiga ƙauye a kora mutane daji. Yaman ce ta biyu a duniya wajen yawan bindiga a hannun jama'a in aka auna da yawan mutanenta, kowa kuma ya san halin da take ciki. Amurka ta yi nata zamanin na satar mutane don kuɗin fansa, a farkon shekarun 1930. Bayan an sace jaririn matuƙin jirgi Charles Lindbergh aka kashe shi a 1932, majalisa ta mayar da satar mutum a tsallaka da shi wata jiha laifin tarayya, 'yan sandan ciki na FBI suka sa abin a gaba. Sana'ar ta mutu ne saboda ta daina riba: in ka yi, za a bi kuɗin, a kama ka, a yanke maka hukunci, ka kuma zauna a kurkukun. Babu dajin da mutum zai kafa sansani da babura ɗari yana amsa waya yana ciniki wata da watanni, kowa ya san sunansa da inda yake kwana.

Abin da dokarmu ta ce

Dokar bindiga ta Najeriya ta 1959 ce, Turawa suka bar mana ita. Ta raba makamai gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka, inda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da ta cewa. Tsarin mulkin 1999 kuma ya sa makamai a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Shi ya sa a Yuni 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce 'yan Zamfara su nemi lasisi su mallaki bindiga, maganar ba ta je ko'ina ba. 'Yan sanda suka ce an dakatar da ba da lasisi, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Kafin shi Aminu Masari ya yi irin wannan kira a Katsina a 2021, Janar T. Y. Danjuma kuma a Jalingo a 2018. Ni abin da ke ɓata mini rai da irin wannan kira shi ne, mai faɗa yana kwana da 'yan sanda a ƙofarsa, wanda ya ji ya aikata kuma shi ake kamawa.

Na tsaya wa irin waɗannan mutane. Na tuna wani dattijo, manomin dawa, da aka tare a shingen hanya aka samu bindiga ƙirar maƙera naɗe a buhun taki a ƙarƙashin sirdin babur ɗinsa. An sace ɗan ƙaninsa a daminar da ta gabata, sai da suka sayar da shanun huɗa kafin a sako shi. A ganinsa bindigar gargajiya ce ya riƙe. Amma maƙeran yanzu ba ta toka suke ƙerawa ba, suna yin wadda ake karyawa a sa harsashin kanti, kuma wannan ta fita daga rukuni na uku. Aka tuhume shi a ƙarƙashin dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun. Kafin a samu belinsa damina ta wuce. A kotu ya tambaye ni a hankali, "Barista, su waɗanda suka ɗauki yaron, yaushe za a kawo nasu?" Wannan zalunci ne, kuma duk wanda ya ce maka dokar 1959 ta dace da halin da ake ciki bai taɓa zama a bencin kotu kusa da irin wannan dattijo ba.

Duk da haka ba na goyon bayan a buɗe ƙofa kowa ya saya

Fara da tambayar wace bindiga. Lasisi zai ba ka ta farauta, harbi ɗaya ko biyu ka sake ɗurawa. Waɗanda ke zuwa suna zuwa su hamsin ko ɗari a kan babura, da AK-47, wani lokaci da mai jigida. In kuma an ce a halatta AK-47 ɗin, wa zai iya saye? Ba manomin da ya sayar da shanun huɗarsa ba. Mai kuɗin gari ne, da ɗan siyasa, da yaran ɗan siyasa. Ka yi tunanin zaɓe mai zuwa, da 'yan jagaliyar da yau ke yawo da adda da gora, kowanne da takardar lasisi a aljihu.

Sai batun ƙirga. Ko a Amurka, inda kowace bindigar shago ke da lamba da takarda, ana sace dubbai kowace shekara, wasu kuma suna tsallakawa Meziko hannun masu safarar ƙwaya. Mu kuwa rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce makamai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba, cikinsu AK-47 guda 88,078. Hukumar da ta kasa riƙe lissafin rumbunta, ita za ta riƙe lissafin miliyoyin gidaje? Masu bin diddigin makamai da suka duba waɗanda aka kama a arewa maso yamma sun samu na Libiya, waɗanda suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, sun samu bindigogin Turkiyya da aka shigo da su ta tashar ruwan Legas, sun kuma samu na jami'an tsaronmu. Duk bindigar da ta shiga ƙauye bisa doka, wata rana tana iya zama ta ɓarawo, ta hanyar ƙwace ko ta hanyar yunwa. Akwai garuruwan da aka kai wa hari don an ji labarin sun tara makamai.

Abin da ya fi duka nauyi a wurina, kai ɗan Zamfara ka fi ni saninsa. Mun riga mun gwada. Da satar shanu ta yi ƙamari wajen 2011, garuruwa suka kafa 'yan banga da 'yan sa-kai. Da niyyar kirki aka fara. Amma babu mai tuhumarsu, sai aka shiga kama Bafulatani a kasuwa a yanka shi a gaban jama'a ba shari'a, a ƙone ruga don ana zargin mutum ɗaya a cikinta. Matasan da aka kashe wa iyaye suka shiga daji, waɗanda ke dajin suka samu hujjar ɗaukar sababbin yara. A Afrilu 2014 aka auka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima, ƙaramar hukumar Maru, aka yi kisan da har yau ba a manta ba. Ba ina wanke ɓarayi ba ne. Wanda ya sace mace mai ciki ya nemi fansa ba shi da uzuri ko na ƙwayar zarra. Ina cewa ne makami a hannun wanda ba ya amsa tambayar kowa ya mayar da sata ta koma gaba tsakanin ƙabilu biyu da suka yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya.

Kuma ba mu kaɗai ba. Gwamnatin Sudan ta raba wa 'yan Janjawid makamai a Darfur tun 2003 don su yi mata yaƙi da 'yan tawaye, a 2013 ta ba su kaki da sunan RSF, a Afrilu 2023 suka juya mata baki a tsakiyar Khartoum. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan suna cikin waɗanda suka rasa gidajensu.

Har shari'ar gado na gani ta ƙare da gawa, saboda bindigar da aka haɗa kuɗi aka saya don ɓarayi tana rataye a ɗaki ranar da 'yan uba suka yi cacar baki a kan iyakar gona.

To me ya rage?

Ba na cikin masu cewa mutum ya naɗe hannu ya jira. 'Yan kato da gora na Maiduguri sun taimaka ƙwarai wajen korar Boko Haram daga cikin birni a 2013, kuma yawancinsu sanduna da adduna suka riƙe. Ƙarfinsu shi ne sun san kowane lungu da kowace fuska, ga soja a bayansu. Su ma an zarge su da wuce gona da iri, amma akwai wanda ake kai ƙararsu wurinsa.

Abin da nake goyon baya shi ne tsaron al'umma mai rajista. Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun a Oktoba 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, Sakkwato ma ta bi sahu. Hanyar ta yi daidai, amma sunan ba shi ne aikin ba. Abin dubawa shi ne: bindigar ta gwamnati ce mai lamba, ana sa hannu a karɓa a sa hannu a mayar? Ana ƙirga harsashi? Ana biyan albashi a kan kari, ko sai sun tsaya a hanya suna karɓar na goro? Akwai Fulani a cikinsu, ko rundunar ɓangare ɗaya ce? In ɗayansu ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ana gurfanar da shi? In amsoshin nan suka zama a'a, to 'yan sa-kai ne aka ɗinka wa kaki. A kan wannan ma'auni nake kallon maganar 'yan sandan jihohi da ake ta yi: ina so, amma da sharaɗin kada su zama 'yan bangar gwamna.

Dokar 1959 kuma tana buƙatar gyara ta yadda manomi a yankin da ake kai hari zai iya samun lasisin bindigar farauta a jiharsa, da shaidar mai unguwa da hakimi, ba tare da takardarsa ta je Abuja ta kwanta ba. Ba za ta kori runduna ba, amma tana iya korar mutum uku da suka zo da dare, kuma za ta fitar da irin dattijon nan daga sahun masu laifi. An kafa cibiyar kula da ƙananan makamai ta ƙasa a 2021, aka ba ta doka a 2024; aikinta na farko ya kamata ya zama rumbunan gwamnati. Batun iyaka kuma ya ƙara wuya tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, alhali hanyar makaman ta Agadez da Maraɗi ba ta san da wannan ficewa ba. Dole Abuja da Yamai su yi magana ko suna fushi da juna.

Kai kuma, Malam, ga abin da zan gaya maka da a ofishina ka same ni. Kada ka sayi bindiga a bayan fage; in an kama ka da ta yaƙi, ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci, mai sayar maka kuma sau da yawa shi ke sayar wa waɗanda kake tsoro, ya kuma san gidanka. Haƙƙin kare kai yana nan a dokar Final Kod daga sashe na 59, kuma tsarin mulki ya amince da shi a sashe na 33. Ya kai har ga kisa in an zo kashe ka, ko yi wa iyalinka fyaɗe, ko sace wani, ko fasa gidanka da dare, ko cinna masa wuta. Amma yana ƙarewa a lokacin da haɗarin ya ƙare. Bin mutum washegari, kashe wanda aka riga aka ɗaure, ko auka wa rugar da ake zargi, duk kisan kai ne a gaban alƙali, komai yawan abin da aka yi maka. Kuma haƙƙin kare kai bai halatta maka makamin da ba ka da lasisinsa ba: ana iya wanke ka daga laifin kisa a ɗaure ka a kan bindigar. In garinku zai yi tsaro, ku yi shi a rubuce, da sunayen mutane a hannun hakimi da DPO, kuma duk wanda kuka kama ku miƙa shi da rai, a gaban shaidu, ku karɓi takarda.